Faifai Biyar da Muryar Kaka

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ban kuma taɓa ganin sun zauna suna hira ba. Shi ne ɗanta na fari, kunyarsa take ji. Kullum da safe zai durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya tashi ya tafi shagonsa a Kasuwar Singa. Idan tana da saƙo, Inna take gaya wa: "Ki ce wa wancan maganina ya ƙare."

Asalinmu Barebari ne. Da goyon Baba a bayanta Kaka ta zo Kano daga ƙasar Barno, bayan rasuwar mijinta, ta sauka a Fagge wajen 'yan uwa, ba ta sake komawa ba. Iyakar abin da aka sani a gidanmu ke nan. Baba yana jin Barbarci sosai. Inna Bahaushiya ce 'yar Kwaciri, saboda haka mu yara da Hausa muka tashi. Ni abin da na iya na Barbarci bai wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba.

Ba ni da surutu, shi ya sa ɗakin Kaka ya fi mini ko'ina daɗi. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. In na dawo daga makaranta sai in zauna kusa da ita tana farfasa itacen turare da 'yar wuƙa, awarwaronta na ƙara, tana magana da Barbarci kamar da kanta take yi. Wani lokaci ta ɗago ta dube ni.

"Ke bebiya, bangon nan ya fi ki hira. Wa zai saye ki a haka?"

In yi murmushi, ta ci gaba da aikinta.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Inna ta bar mini tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ba layi a ciki. A nan na gano wurin ɗaukar murya. Wata rana na ɗauki Kaka tana 'yar waƙa ba ta sani ba, na kunna mata. Ta ajiye wuƙar.

"Wace tsohuwa ce wannan mai muryar akuya?"

Na ce ita ce. Ta ce ƙarya nake yi, ta sa na sake kunnawa. Washegari ko jakata ban ajiye ba ta ce, "Ina abin naki? Danna."

Daga nan muka fara. Ba ta yin magana mai tsawo. Za ta yi kaɗan ta ce in kashe, ko ta ji takun wani a zaure ta ɗaga mini hannu. Saboda haka duk abin da nake ɗauka gajeru ne, guntu-guntu. Duk da haka wayar ba ta da wuri, nan da nan ta cika.

Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, ya yi karatun kwamfuta, yana da shago a Sabon Gari inda yake tace bidiyon biki. Ni nake kai masa abincin rana a kula, in hau adaidaita sahu daga Fagge. Maƙwabcin shagonsa wani Alhaji ne Bayarabe, haifaffen Sabon Gari, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu. Hausarsa ta fi tawa. Hajiya ƙarama yake kirana.

A watan Sha'aban na shekarar, lokacin da kowa ke gaggawar yin biki kafin azumi, na tarar da Yaya ya buɗe cikin wani baƙin akwatin kwamfuta, Alhaji na zaune a kan benci yana kallo. A kan tebur akwai faifan ajiya guda biyar, irin masu nauyin nan na ƙarfe, kowanne kamar tafin hannun babba. Duka na hannu ne daga shagon Alhaji. Ɗaya yana da guntun salatif a jiki da rubutun biro na wani harshe da ban sani ba. Kafin lokacin wani faifan Yaya ya taɓa mutuwa da bidiyon bikin wasu, uwar amarya ta zo ta tara wa Yaya mutane a bakin shago. Ya rantse ba za a sake ba.

Ranar yana cikin nishaɗi. Ya ga ina kallon fayafayan, sai ya ce in kawo gyaɗar da ke hannuna. Ya zuba a kan tebur, ya kasa ta kashi huɗu: uku, biyar, biyu, huɗu.

"Nawa ke nan duka?"

Na ce sha huɗu.

Ya rubuta sha huɗu a bayan wani katin gayyata, ya ajiye a gefe. Sannan ya kwashe kashi ɗaya ya watsa a baki.

"To nawa na cinye?"

Na haɗa sauran ukun, na cire daga sha huɗu, na ce biyar.

"Shi ke nan, kin gama karatun. Huɗu suna riƙe kaya, ɗaya yana riƙe jimla. A gaskiya ba faifai ɗaya ke riƙe jimlar ba, karɓa-karɓa suke yi, amma bar wannan. Duk wanda ya mutu a cikin biyar ɗin nan, sai a sa sabo, a lissafo abin da ke cikinsa daga sauran. Ba abin da zai ɓata."

Alhaji ya ce, "Gyaɗar dai ta ɓata. Hajiya ƙarama, ki ce ya biya ki."

Da Yaya ya gama ɗaure su, ya rubuta wani dogon layi a kwamfutar ya danna. Fayafayan suka fara wata ƙara a hankali kamar ana niƙa nesa. Wasu lambobi suka fito. Yaya ya matso da fuskarsa, ya ja tsaki.

Alhaji ya tambaye shi mene ne. Ya ce kafin a fara aiki da akwatin sai ya bi fayafayan daga farko har ƙarshe, layi-layi, ya lissafa jimlar kowane layi ya rubuta. A yadda ya nuna, aikin zai ci kwanaki, domin mai janareton da ke ba layin shagunansu wuta da magariba yake kashewa. Kuma muddin yana wannan lissafi, komai zai riƙa tafiya da ja da ciki. Ga bukukuwa jibge suna jira.

Alhaji ya ce, "Turawa ne suka sa wannan, su da wutarsu ba ta ɗaukewa. Babu hanyar tsallakewa?"

"Akwai. Sai in ce masa ya ɗauka lissafin daidai yake. A sabon faifai ba matsala, ko'ina sifili ne, sifili da sifili jimlarsu sifili. Amma naka, Alhaji, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki."

"Ni da na goge su da hannuna?"

"Sunayen fayiloli ka goge. Tarkacen masu shi yana nan kwance."

"To kai da kake da digiri, share mana."

"Sharewar ma kwanakin ne."

Suka yi dariya. Sai wayar Yaya ta yi ƙara. Wani ango ne, ina jin muryarsa daga inda nake zaune, yana cewa 'yan uwan amarya za su koma garinsu jibi. Yaya yana ta "in sha Allahu, ranka ya daɗe". Da ya ajiye wayar ya tsayar da lissafin, ya sake rubuta layin, ya ƙara wasu kalmomi biyu a ƙarshe. Ƙarar niƙan ta ɗauke. Nan take akwatin ya ce a shirye yake.

Yaya ya ce, "Bayan Salla zan sa shi ya lissafa. Ba gudu zai yi ba."

Ya buɗe kula ya fara cin abinci. Na kwashe sauran gyaɗata.

Bayan 'yan kwanaki na yi ƙarfin hali na ce masa wayata ta cika. Bai ma tambaye ni abin da ke ciki ba. Ya buɗe mini folda a akwatin, ya sa mata sunana, ya nuna mini yadda zan jona waya in zuba.

Na ce, "In bar na wayar?"

"Goge, ki samu wuri. Duk Sabon Garin nan babu inda ya fi wannan akwatin tsaro." Ya buga saman akwatin da tafin hannu.

Haka na riƙa yi. In ɗauka a gida, in na kai abinci in zuba yana ci, in goge na wayar. Akwai waƙoƙin Kaka, akwai faɗanta da mai kawo mata itacen turare, akwai dogayen labarai da take yankawa gunduwa-gunduwa, waɗanda ba na ganewa sai dai in bi hawa da saukar muryarta.

Bayan babbar Salla aka yi suna a dangin Inna a Kwaciri, gidan ya zama ba kowa da rana na 'yan kwanaki, sai ni da Kaka. Ranar farko na tarar ba ta fito da kayan turare ba. Ta yi wanka, ta naɗa lafayarta mai kyau, ta cire awarwaro ta ajiye a kan faranti. Ta zauna a bakin gado, bayanta a miƙe. Ta ce in danna, sannan ta yi magana da Hausa, a hankali, don in ji.

"Wannan na wancan ne. Ba yanzu ba, sai bayan raina. Kin ji ni, bebiya?"

Na gyaɗa kai. Ta koma Barbarci.

Ba irin maganar da ta saba ba ce. Ba zolaya, ba waƙa. Tana yi tana tsayawa, ta ce in kashe, ta sha ruwa, ta ce in kunna. Na tsinci kalmar ruwa, da hanya, da yaro, da doki. Akwai wata kalma da ta maimaita sau da yawa wadda ban sani ba. A rana ta biyu hawaye ya zubo mata, muryarta ba ta canja ba, ba ta kuma share ba. Da ta gama a rana ta ƙarshe ta mayar da awarwaronta, ta ce in ɗauko mata wuƙa da itace, kuma in daina kallonta kamar mujiya.

Na kai su akwatin Yaya kamar sauran, na goge na wayar.

Wani azumin ya zo ya wuce. Akwatin yana nan ƙarƙashin tebur, 'yan fitilunsa na ƙyaftawa. Yaya yana alfahari da shi. In abokansa sun zo yakan nuna musu wasu haruffa biyar iri ɗaya a jere, ya ce kowane harafi faifai ne yana cewa lafiyarsa lau.

Ina aji ɗaya na babbar sakandare Kaka ta faɗi a bakin rijiya da hantsi. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Tana ji, tana gane kowa, amma magana ta tafi. In ta buɗe baki sauti ɗaya ne yake fitowa, sai ta rufe ido don haushi.

Ni nake ba ta kunu. Wata safiya Baba ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya juya zai tafi, sai ta kama hannuna da hannunta na hagu. Ta nuna aljihun da nake sa waya, ta nuna ƙofa inda takun Baba ke nisa. Na ce, "Yanzu, Kaka? In ba shi yanzu?" Ta matse hannuna har ya yi zafi.

Ranar da aka tashi daga makaranta, ko uniform ban cire ba na tafi Sabon Gari. Na tarar da akwatin a buɗe, Yaya ya durƙusa a gabansa. Faifai ɗaya ya mutu tun jiya, mai guntun salatif ɗin nan. Yaya ya jona shi don Alhaji ya ji, yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango.

Na ce ina son kayana, na gaya masa dalili. Shi ne karo na farko da ya san abin da ke cikin foldar.

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, don irin wannan ranar aka yi shi. In sa sabo ya cike gurbin, sai ki kwashe."

Cike gurbin ya ci kwanaki, daidai irin waɗanda ya ƙi bayarwa da farko. Wannan karon ya jira, don ba shi da zaɓi. Kullum in na shiga da kunu Kaka ta dubi aljihuna, in ce mata saura kaɗan.

Ranar da ya gama, haruffa biyar ɗin suka dawo a jere. Yaya ya buɗe bidiyon wani biki, amarya ta fito tana takawa a hankali, kiɗa na tashi. Ya buɗe wani, shi ma lafiya. Ya ce, "Kin gani?" Sannan ya danna foldata. Ta ƙi buɗewa. Ya sake dannawa, wani rubutu ya fito. Ya daina murmushi.

Ya sa wani abu mai gyaran ajiya. Abin ya riƙa jero tambayoyi, yana amsa masa da e, e, e, har ya gaji ya ɗora yatsa a kan maɓallin ya bar shi. Da aka gama foldata babu ita. Sai wani wuri da aka tara fayiloli birjik, ba suna, lambobi kawai. Ya ware mini waɗanda suka yi kama da murya, ya miƙo mini abin sawa a kunne bai dube ni ba.

Na zauna a kan bencin Alhaji ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wasu lafiyarsu ƙalau. Ga Kaka tana zagin mai itacen turare, ga ta tana korar kaza daga ɗaki, ga waƙar nan ta farko. Wasu sun ƙi buɗewa sam. Wasu in na danna sai shuuu, kamar rediyo ba tasha. Wasu ta fara magana sai muryar ta tsage ta koma ƙara mai huda kunne.

Na san yadda zan gane na Baba. A cikinsu babu ƙarar awarwaro, babu kukan yara a tsakar gida. Na bi duka, na koma farko na sake bi. Guda ɗaya na samu, na ranar farko. Ga muryarta da Hausa tana cewa na wancan ne. Ga Barbarcin ya fara, jimla ɗaya, ta biyu ta kama hanya, sai ƙara.

Na cire abin kunnen. Alhaji ya shigo yana tsaye a bakin ƙofa. Ban san muryata za ta fito ba sai da na ji ta.

"Yaya, ka sa shi ya yi lissafin nan bayan Salla?"

Yaya ya ɗauki sukundireba ya ajiye.

Alhaji ya ce, "Wai ba ka yi ba? Shekara nawa yau?"

"Yaushe, Alhaji? Kai ma kana gani. Daga biki sai suna, daga suna sai walima. Kuma abu yana ta cewa lafiyarsa lau."

"To ya aka yi na mutane ba su lalace ba, sai na Hajiya ƙarama?"

Yaya ya yi bayani, amma Alhaji yake kallo, ba ni ba. Ya ce bidiyon biki babba ne, in an zuba shi yana cika layi gaba ɗaya a fayafayan, sai akwatin ya lissafa sabuwar jimla daga abin da aka zuba, ta fito daidai. Ƙaramin abu kuwa kashi ɗaya kawai yake taɓawa. Akwatin ba ya wahalar da kansa ya sake ƙirga sauran. Sai ya duba abin da ya canja a wannan kashin, ya ƙara ko ya rage a kan tsohuwar jimla. In tsohuwar jimlar daidai ce, ba laifi. Tasu kuwa ba a taɓa lissafa ta ba, tarkacen masu fayafayan na da ne zaune a wurinta. Duk lokacin da na zuba guntuwar murya, gyara ake yi a kan lambar da tun asali ba ta da ma'ana. Muddin fayafayan biyar suna raye ba wanda ke duba jimlar, kai tsaye ake karanto kaya. Ranar da ɗaya ya mutu aka nemi ta yi aikinta, sai ta ba da shirme, aka rubuta shirmen a sabon faifai. Har bayanin inda kowane fayil yake kwance, shi ma ƙaramin rubutu ne, shi ya sa wasu suka ɓace gaba ɗaya.

Alhaji ya ce, "Innalillahi. To a sa shi ya lissafa yanzu mana."

Yaya ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya ce yanzu ko an bincika ba za a ga kuskure ko ɗaya ba, domin sabon faifan daga jimlar aka gina shi, dole su yi daidai. Daga baya ya bincika ɗin, don ya tabbatar. Akwatin ya ce komai ya dace.

A wani lungu na teburin akwai ƙaramin faifai na daban da nake gani tun tuni. Ranar na tambayi Alhaji na mene ne. Ya ce nan Yaya yake ajiye kwafi na biyu na aikin da ba a karɓa ba tukuna, saboda masu biki ba su da haƙuri. Wato ko shi bai bar komai nasa a hannun akwatin kaɗai ba.

An kai mataccen faifan wurin wani mai gyara a cikin kasuwa. Ya riƙe shi kwanaki ya dawo da shi, ya ce cikinsa ya kankare.

A gida Inna ta ja ni kicin ta ce kada in ɗaga maganar. Wana ne, bai yi da gangan ba, abin da Allah ya ƙaddara ba zai isa kunne ba, ba zai isa ba. Na ce to. Washegari Yaya ya kawo mini sabon memori a cikin ledarsa, babba, ya ajiye a kan jakar makarantata. Ban san me zan ɗauka da shi ba. Wadda nake ɗauka ba ta magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami Baba a kan tabarma a tsakar gida. Na durƙusa na miƙa masa wayar da na zuba guntuwar muryar a ciki, na gaya masa komai a taƙaice. Ya kara ta a kunne. Na ga lokacin da ƙarar ta zo, don ya ɗan janye kansa. Ya ce in mayar farko. Na mayar. Ya sake ji, ya sake cewa in mayar.

Inna ta fito da buta a hannu ta ce, "Malam, me ta ce?"

Baba ya sauke wayar daga kunnensa.

"Ta ce barinmu gari ba yadda aka gaya mini ba ne. Ta ce mahaifina…" Ya dubi wayar. "Nan ta tsaya."

Ya juyo gare ni. Baba bai cika kallona kai tsaye ba.

"Ke kina wurin. Me ta ce bayan nan?"

Na ce da Barbarci ta yi.

"Ba ki ji komai ba?"

Na faɗa masa ruwa, da hanya, da yaro, da doki. Na gwada faɗin kalmar da ta riƙa maimaitawa. Ya sa na sake faɗa, ya gwada ta a bakinsa ta hanyoyi daban-daban, ya ce babu irin wannan kalmar, wataƙila kunnena ne ya juya ta. Na gaya masa ta yi kuka a rana ta biyu. Ya ce kafin dokin ko bayansa? Ban sani ba.

Ya gwada tambayar Kaka da kansa. Ya sa na zauna a tsakaninsu, yana yin tambaya da Barbarci yana kallon ƙasa, ita kuma ta matse hannuna in e ne, ta saki in a'a ne. Amma bai san abin da zai tambaya ba. Ya tambaya ko mahaifinsa rashin lafiya ya yi, ta saki. Ko kashe shi aka yi, ta saki. Ko yana raye lokacin da suka taho. Ta matse, ta saki, ta sake matsewa, ta buɗe baki sautin nan ya fito, sai ta fizge hannunta ta rufe ido. Likita ya ce a daina tayar mata da hankali. Aka daina.

Ta rasu kafin damina ta kama. Tsofaffin da suka sauke ta a Fagge duk sun riga ta. Baba ya aika tambaya ƙasar Barno ta hannun wani direba, aka dawo masa da cewa waɗanda za su sani babu su.

Na ci gaba da kai wa Yaya abinci har na gama sakandare, don ba wanda ya ce in daina. Ina ajiye kular in fito. Muna gaisawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Da ya haɗa wa wani abokinsa irin akwatin, na ji yana gaya masa a waya cewa ko zai kwana nawa ya bar shi ya gama lissafin farko, kada ya kuskura ya tsallake. Da murya mai ƙarfi ya faɗa, irin ta wanda ya san aikinsa.

Baba kuwa bai daina tambayata ba. Ba kullum ba, sai an ɗan jima. Zai gama karin kumallo, ya kira ni kamar zai aike ni, sai ya rage murya ya ce ko wata kalma ta faɗo mini. Da farko ina ƙoƙari. Ina zama in rufe ido in tuna ɗakin, da lafayar, da farantin awarwaro, ina ganin leɓenta na motsi sarai. Har na fara koyon Barbarci wajen wata maƙwabciyarmu, ko sautin zai dawo ya zama magana. Bai dawo ba. Abin da na koya sabo ma sai ya hau kan tsohon, har kalmar nan da take maimaitawa na daina tabbatar da yadda take.

Watan jiya da na je gida ya sake tambayata. Gemunsa ya yi fari duka yanzu. Na ce masa ban tuna komai ba, Baba. Ya ce to, ba komai. Ya jawo takalminsa ya sa, ya tafi kasuwa.